Kawu Ya Tafi Bai Yaye Ni Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, babu wanda zai saura. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, bakaniken da ya fi kowa daɗewa a bakin tashar Maigatari, ya rasu ranar wata Alhamis, ranar kasuwa. Da hantsi ya faɗi a ƙofar gareji da kofin shayi a hannunsa, kafin mu kai shi Gumel rai ya yi halinsa. Da la'asar muka kai shi makwancinsa. Da yake ranar kasuwa ce, sahun sallarsa ya cika da mutanen da ban taɓa sanin ya sani ba. Ga dillalan shanu, ga 'yan acaɓa, ga masu injin niƙa daga ƙauyuka, ga direbobin manyan motoci na Damagaram da suka bar kayansu rabi a ƙasa rabi a mota suka biyo gawa.

Wani dogon direba daga cikinsu ya zauna a bakin zaure yana kuka wiwi. Ana ba shi haƙuri yana cewa, "Ku bar ni. Yanzu wa zai riƙa zagina? Duk wanda na kai wa kamiyona a ƙasashen nan biyu sai ya washe min baki ya ce ba komai maigida. Tsohon nan kaɗai ke duban tsabar idona ya ce min, kai jaki ne, ka kashe mota." Mutane suka yi dariya cikin hawaye, har liman sai da ya sunkuyar da kai.

Wata dattijuwa daga wajen Sule Tankarkar ta tare ni a soro za ta shiga wurin mata. Ta ce injin niƙanta ya taɓa mutuwa a tsakiyar damina, ga marayu a gabanta, Kawu ya hau babur ya keta laka ya je. Da ya isa sai ya ƙi gyarawa. Ya zauna a kan turmi, ya miƙa mata sifana, ya ce ita za ta kwance da hannunta, shi nasa faɗa. "Wallahi ɗana, ranar na zage shi a zuciyata, don hannuna har kumbura ya yi. Amma tun daga ranar ban sake ɗaukar injina na kai wa wani ƙato ba." Ta share ido da gefen mayafi ta shige.

Ni kuwa abin da ya fi ci min rai a zaman makokin nan daban ne, kuma zan faɗe shi ko da za a ce ba ni da ta-ido. Duk wanda ya zo, ya durƙusa gaban dattawa, ya ce ya haƙuri, a ce da godiya, sai ya waiga ya ce, "Ina babban yaron nasa?" Sai a nuna ni. Yaro! Ni da furfura ta fara keto min a gemu, ni da 'yata ta fari ta shiga sakandare. Amma ba su yi ƙarya ba. Kawu ya tafi bai yaye ni ba.

Ga wanda bai san harkarmu ba, a nan bakanike ba ya zama mai kansa sai maigidansa ya yaye shi. Ana tara dattawan sana'a, a raba goro da dabino, shugaban kanikawa wanda muke kira Ciyaman ya tofa maka addu'a a tafin hannu, maigidanka ya miƙa maka akwatin kayan aiki ya ce ya sallame ka. In ba a yi haka ba, ko ka fi kowa iyawa, ƙungiya ba za ta bari ka kafa rumfa ba, daga nan har Gagarawa, kuma babu direban da zai ba ka injinsa da sunanka. Kawu kuma yana da nasa ƙarin. A ɗakin kwanon da ke bayan gareji akwai wani tsohon injin niƙa mai silinda ɗaya, irin wanda ake tayarwa da hannu. In zai yaye yaro sai ya shiga ɗakin shi kaɗai ya kulle, ya wuni yana warware injin, ya sake haɗa shi, ya ɓoye cuta guda ɗaya a ciki. Ɗaya tak, bai taɓa ƙarawa ba, yana cewa wanda ya ɓoye biyu mugunta ya yi ba koyarwa ba. Aikinka ka gano ta, ka tayar da injin gaban dattawa, ka faɗi abin da ka samu da dalilin da ya hana shi tashi. Waɗanda suka zo bayana sun shiga ɗakin nan sun fita, yau suna da rumfunansu a Gumel, wasu har sun je Makka sun dawo. Ni ina nan ina amsa "kai, kawo sifana mai lamba sha huɗu."

Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don haka bari in faɗi irin mutumin da aka rasa kafin fushina ya rinjaye ni.

Kawu gajere ne, kakkaura, yatsunsa baƙin mai ya shige su har ruwan alwala ya gaji da su. Ba ya taɓa buɗe bonet sai ya zaunar da direba ya ba shi shayi. Zai tambaye shi ina ya sha mai, a gidan mai ko a jarka a bakin hanya, wa ya tuƙa motar jiya, ya bi yashi ko kwalta. Daga nan sai ya ce, "To yi min kukanta." Ka ga ƙaton mutum da rawani yana "kar-kar-kar, fuuu," yara na ƙyalƙyala dariya, Kawu ko murmushi babu, ya karkata kai yana saurare. Sai ya ɗauki dogon sukundireba, ya kafa bakinsa a jikin inji, ya ɗora ƙotar a kunnensa ya rufe ido. Yakan murza mai tsakanin yatsu biyu ya sansana. Wani lokaci har ɗanɗanawa yake yi, Inna, wato matarsa, tana ta faɗan wata rana sai dizal ya kashe shi.

Zaginsa kuwa ba a magana. Amma ban taɓa ganin ya ci abinci wani yaron gareji na zaune da yunwa ba. Lokacin da aka rufe boda motoci suka yi cirko-cirko a garin nan, direbobin da suka maƙale a garejinmu suke wuni, tukunyar Inna ce ta riƙe su har aka buɗe. Da wani ya ce zai saka masa in ya koma gida, Kawu ya ce, "Ka canja baƙin man motarka a kan lokaci, ka saka min."

Mahaifiyata ce ta kawo ni wurinsa da hannunta. Kafin ta rasu kuma ta kira ni ta ce, "Kada ka saki hannun ɗan'uwana sai shi ya sake ka." Na ce to. Da wannan "to" ɗin aka ɗaure ni, kuma ni na ƙulla da bakina.

Sau ɗaya ya taɓa shirin yaye ni, shekarun baya, har an sayo goro. A makon ne abin ya faru. Taubashina, babban ɗan Kawu, wanda ya karanta kwamfuta yake aiki a sakateriya a Gumel, ya sa min wani abu a waya. Ƙirƙirarriyar basira suke ce mata a rediyo. Ka gaya mata abin da ke damun mota, ta jero maka amsa kafin ka haɗiye yawu. Aka kawo mana wata a-kori-kura ta zamani, irin masu kwamfuta a ciki, in ta yi zafi ta mutu, in ta huce ta tashi. Mun wuni a kanta ba mu ga komai ba. Na zagaya bayan mota na tambayi waya, ta ce in duba wata 'yar na'ura da ke kusa da karanshaf, sandar da ke juyawa a cikin inji. Na canja ta. Mota ta tashi, ta zagaya gari ta dawo garau.

Ashe Kawu ya ji muryar wayar. Ya bari mai mota ya tafi, sannan ya ce, "Ta tashi, madalla. To me ya sa in ta yi zafi take mutuwa?"

Na ce, "Na'urar ce ta lalace, Kawu."

"Na ji ta lalace. Me zafi yake yi mata a ciki?"

Ya nuna aljihuna da baki.

"Tambayi bokan aljihun naka mana." Haka yake kiran abin har ya bar duniya. "Zai gaya maka, kai kuma ka gaya min, gobe ka manta. Kai ba gyara ka yi ba, aike aka yi ka, ka je ka dawo."

Na ce, "Haba Kawu, mota dai ta tashi, mai ita ya tafi yana sa albarka."

Ya ce, "Ni ban ce ƙarya yake yi ba. Sau da yawa ma gaskiya yake faɗa. Abin da nake tsoro shi ne a wayi gari duk garin nan babu mai iya gane ranar da ya yi ƙarya. Ka taɓa jin ya ce bai sani ba? In ya sa ka kashe injin mutum, wuyan wa direba zai shaƙe, naka ko nasa?"

Da yamma ya sa aka kwashe goron aka kai masallaci sadaka. Har yau ban ga laifina a motar nan ba, kuma na gaya masa haka a gaban yara, muka yi ta ɗaga murya har masu faci na maƙwabta suka shigo rabo. Amma tambayarsa ta zauna min a wuya, don gaskiya ban san abin da zafi ke yi wa na'urar ba. Sai da na fasa tsohuwar da guduma na ga siririyar wayar da ke ciki, wadda in ta ji zafi take saki, sannan na samu sukuni. Na kai masa na nuna masa. Ya shafa ta da yatsa ya ce, "Yawwa." Bai sake maganar goro ba.

Daga nan shekaru suka yi ta wucewa. Motocin zamani suka yi yawa, Kawu ya ce ba za a shigo masa da na'urar duba kwamfutar mota gareji ba, duk wanda ya kawo irinsu sai ya ce ya wuce Kano. Ina ji ina gani aiki na wuce mu. A nan kam bai kyauta ba, kuma ko a kabarinsa zan faɗa. Surukina ya ba ni fili a bakin titi a Gagarawa, ya ce in kafa rumfa in an sallame ni. Can nake son in haɗa biyun, kunnen da Kawu ya ba ni da na'urar da ya hana ni. Duk Sallah in mun je gaisuwa surukina sai ya ce, "Filinka na nan fa." Matata ta daina tambaya, wanda ya fi tambayar ciwo.

A shekarun nan Kawu ya daina hawa babur, ya ce gwiwa. Ya daina shiga ƙarƙashin mota, ya ce baya. Sai ya zauna a benci ya ce, "Buɗe. Me ka gani?" In faɗa. "Wace kala?" In faɗa. Ni duk a zatona jarrabawa ce ba ta ƙarewa, ina amsawa ina cizon haƙora.

Bana, bayan an kai amfanin gona gida, ba zato ba tsammani ya kira Ciyaman da wasu dattawa ya ce zai rufe min inji. Sharaɗi ɗaya ya kafa a gabansu, kada waya ta shiga ɗakin, kada kuma wani ya karanto min daga waje. Ya shiga ya kulle. Abin da yake gamawa kafin la'asar, wannan karon sai da ya kwana ya koma. Ranar Alhamis da safe ya miƙo min hannun tayar da injin ya ce, "Yau kasuwa, akwai aiki. Gobe bayan Juma'a ka shiga." Bai kai azahar ba.

Bayan sadakar uku Ciyaman ya kira ni gefe ya ce, "Magana tana nan yadda ya bar ta. In injin ya tashi a gabanmu ranar arba'in, mu za mu cika masa alkawari. In bai tashi ba, ɗana, ba mu da bakin sallamar wanda maigidansa bai sallama ba."

Na shiga ɗakin. Ko zufa ban yi ba na ga abin. Tsumma ne, yankin tsohuwar riga, an cusa a bututun da inji ke shaƙar iska. Na tsaya riƙe da shi ina mamaki. Wannan ai cutar da ake sa wa wanda ya zo jiya ce. Na ce a raina, ko dai raini ne, ko kuwa tsoho ya gaji da ni. Na cire, na ɗaura hannun tayarwa, na juya da ƙarfi. Injin ya yi tari, ya tofo farin hayaƙi, ya yi shiru. Na sake. Ya harbo hannun baya har ya kusa karya min wuyan hannu.

Kai, ranar na yi fushin da ban taɓa yi ba. Biyu ya ɓoye! Mutumin da ya ce mai ɓoye biyu mugu ne, ni ya ɓoye wa biyu. Na zauna a ƙasa ina magana da mamaci kamar yana gabana. Na ce Kawu me na yi maka? Ƙuruciyata na ba ka, ka riƙe ni da rai, yanzu kuma ka riƙe ni kana kabari? Na duba mai, na wanke nozul, na duba bawul, na bi duk wuraren da na san yana ɓoye abu, don na ga na kowa kafin nawa. Babu. Kullum in na rufe gareji sai in koma ɗakin nan, kwano ya ɗauki zafi kamar tanda, in juya hannu har kafaɗata ta sage. A masallaci ana yi masa addu'a ina cewa amin, zuciyata kuwa ba ta tare da bakina.

Ranar wata Asabar taubashina ya zo daga Gumel, ya leƙo ta ƙofa ya gan ni baƙi ƙirin. Tsakanina da shi wasa ne tun muna yara, don haka bai ji nauyin komai ba. Ya ce, "Ɗan mace, har yanzu kana nan kana kokawa da kakan injuna? Na rubuta wa wayata duk abin da yake yi, ta ba ni amsa tun a mota. Bari in karanto maka, daga ni sai kai."

Na ce, "In ka buɗe baki sai na zuba maka baƙin mai a shaddar nan."

"Wa zai sani? Baba ya tafi. Ka duba 'ya'yanka mana."

Wallahi na so. Duk jikina ya so. Ga amsa a aljihun mutum, taku kaɗan tsakanina da ita, ga Gagarawa na jirana. Ba tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni ba, har da taurin kai. Na ce ba zan ba tsohon nan gaskiya yana kwance ba. Na tura ƙofa na sa sakata, ina jin taubashina na cewa duk gidanmu haka muke, kanmu kamar dutse.

Wuri ɗaya ya rage ban buɗe ba, inda giyoyin tayimin suke, waɗanda ke tsara lokacin da mai zai shiga da lokacin da bawul zai rufe. Ban buɗe ba don Kawu bai taɓa ɓoye cuta a nan ba, yana cewa wurin ba na wasa ba ne. Da arba'in ta matso na ce ko ma mene ne, sai na gani. Na kwance murfin, na goge mai, na fito da giyoyin bakin ƙofa inda akwai haske.

Kowace giya tana da ɗan ɗigo da aka buga mata, sai ɗigo ya haɗu da ɗigo inji ke tashi. Na babbar giyar ya goge saboda tsufa, ya zama sumul, ido ne kawai ke ganinsa, shi ma sai an karkata shi ga rana. Kusa da shi, tazarar 'yan haƙora, akwai wani ɗan rami da guduma ta taɓa yi. Wannan ramin yatsa na jin sa sarai. Da shi Kawu ya haɗa.

Na rufe idona na shafa giyar. Yatsana ya wuce ɗigon gaskiya bai ji komai ba, ya faɗa ramin. Na sake, haka. Na tashi na ɗauko akwatin kayan aikinsa, wanda ba ya bari kowa ya taɓa. Kowace sifana an yi mata tsaga da zarto a ƙota, wata ɗaya, wata biyu, wata uku, yadda hannu zai gane girmanta ba sai an karanta lamba ba. Na zauna a bakin ƙofar nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na shiga gida wurin Inna tana cikin takaba, na ajiye sifana ɗaya a gabanta. Ta dube ta, ta dube ni.

"Tun shekarar da kuka yi faɗan waya," in ji ta. "Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya rantsar da ni kada in faɗa."

"Inna, ke nan wayar hujja ce kawai?"

"A'a. Wayar da gaske yake tsoronta, har a ɗaki yana maganarta. Amma ya ce in ya sallame ka, wa zai zama idonsa? Wa zai kawo wa makaho mota? Bana ya ce min, na cinye wa yaron nan shekaru, ya isa. Zan sa masa abin da ba zai ɓata masa ko rabin wuni ba."

Tsumman nan ke nan. Kyauta ya yi min, ya buɗe min ƙofa da hannunsa, idonsa ya rufe ta bai sani ba. Ya yi wuni biyu a ɗakin nan yana lalube shi kaɗai don kada ya kira ni in gane. Ban san inda zan sa fushina ba, har yau ban sani ba. Ya zalunce ni, kuma ina ƙaunarsa, duka biyun suna nan a ƙirjina ba wanda ya kori wani.

Da na gaya wa taubashina na gano, ya zaro waya ya nuna min. Tayimin na cikin jerin da ta ba shi, ba ta yi ƙarya ba. Ya ce, "Ka gani? Da ka saurara da tuni an wuce wurin." Na ce haka ne. Da na saurara da na gyara, in tafi ina cewa ubanka mugu ne har in mutu. Na miƙa masa giyar na ce ya rufe ido ya shafa. Ya shafa, ya sake shafawa. Shi ma bai sani ba.

Ranar arba'in, bayan an yi addu'a an raba waina, dattawa suka taso zuwa gareji. Muka fito da injin fili. Na yi bisimilla na juya hannu, ya kama tun a juyin farko, ƙararsa ta cika tasha, hayaƙi ya miƙe sama. Na bar shi ya yi ta bugawa, sannan na kashe.

Ciyaman ya ce, "Me ya ɓoye?"

Na ɗaga tsumman na faɗi yadda yake hana inji numfashi.

"Sai me kuma?"

"Shi ke nan, Baba. Ɗaya yake ɓoyewa."

Dattawan suka dubi juna. Ciyaman ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah Ya yi maka albarka da ka rufa masa. Amma tsumma ba ya cin mutum wata guda. Ɗana, duk mun sani. Mun daɗe muna ganin yana gaishe mu da murya ba da ido ba."

Na ce, "Kun sani, kuka bar ni?"

Wani ya gyara hula, wani ya dubi takalminsa. Ashe duk lokacin da nake kai ƙarar Kawu wurinsu suna ce min in ƙara haƙuri, sun san abin da suke yi. Sun rufa wa ɗan'uwansu asiri, kuma da shekaruna suka rufa.

Ciyaman ya ce in buɗe hannu. Ya tofa addu'a, dattawa suka shafa, aka ce an sallame ni a madadin marigayi. Na jira akwatin kayan aiki. Sai na ga ya sa hannu a aljihu ya zaro mukullin gareji ya ɗora min a tafin da bai bushe ba.

"Ɗansa babba ma'aikacin gwamnati ne, bai san sifana ba. Ƙannensa ƙanana ne. Ga masu koyo da ya bari rabi da rabi. Gidan nan daga garejin nan yake ci, kai ma ka sani. Yau kai ne maigida."

Na duba fuskokinsu ko akwai wanda zai ce a tambaye ni tukuna. Babu. Taubashina ya kawar da kai. Mutane suka fara miƙo min hannu suna cewa Allah Ya taya riƙo. Na rufe hannuna a kan mukullin, don ban ga inda zan ajiye shi ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa abin da ya sani da wanda ya yi a cikin duhu. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya mayar masa da ganinsa a inda gani ba ya ƙarewa. Ni na yafe masa, ko da yake sai na riƙa sabunta yafiyar kowace safiya.

Washegari na aika wa surukina a Gagarawa cewa ya ba wani filin.